Ɗorawa Mai Amya Uku

Marken Bulama,
ta Dawakin Tofa.
4 ga Disamba.

Zuwa ga ƙanina Khalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Muhsina da yaran duka. Yaya ƙafar Abdulrashid, ya fara takawa da ita? Mu nan lafiyar jiki kam Alhamdu lillahi. Tahira tana gaida kawunta. Baba Madu ma ya ce a gaishe ka, ko da yake bai san abin da zan rubuta ba.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Tun ranar Lahadi nake kiran wayarka, tana shiga ba ka ɗauka, saƙonnin da na tura kuma ina gani an buɗe su. Shi ya sa na yago takarda daga littafin da nake shirya darasin 'yan aji huɗu, na ba Abdussalam direba, tunda kullum sai ya bi ta unguwarku Rijiyar Zaki. Takarda dai ba ta da inda ake dannawa a kashe ta.

Na ga bidiyon da kuka sa a shafin jaridarku. Kowa ma ya gani. Kafin azahar ɗin Lahadi ya zaga garin nan daga wannan waya zuwa waccan, har tsofaffin da ba sa gani sosai sai da aka kara musu a ido. Ba zan tauye maka haƙƙi ba, ka yi ƙoƙari. Ka dusashe fuskar maigidana Malam, ka sauya muryarsa ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu, ka ce wani manomi ne da ya nemi a sakaya sunansa. Sai dai, Auta, a gindin ɗorawarmu ka tsayar da shi. Ɗorawar nan da tsawa ta raba biyu, mai amya uku a reshen gabas. Minti shida cur tana tsaye a bayansa, har zuma ana gani tana shiga tana fita.

Kai fa a garin nan aka binne cibiyarka. Ka san ƙasarmu ba ta da daji, gona ce manne da gona, layin gamba kawai ke raba su, kuma kowace bishiya da mai ita. Yaron da bai iya share majinarsa ba, ka nuna masa kuka ko ɗinya daga nesa, zai gaya maka ta gidan wane ce. Ka rufe fuskar da mutanen birni ba su taɓa sani ba, ka bar bishiyar da mutanen garinmu suka sani tun suna goye. To wa ka ɓoye wa?

Bari in tuna maka yadda aka yi, don na lura ɗan jarida akwai mantuwa da zarar labari ya fita. Malam bai neme ka ba. Tun bara, da gidan ƙanwarsa Safiyatu suka yi kwana uku a asibiti suna amai bayan sun ci wake, ya bi diddigi ya gano masu sito uku a garin nan suna yayyafa wa wake fiya-fiya kafin su ɗinke buhu, wai don kada ƙwari su huda shi. Ya sami babbansu, Alhaji Abdulkabir, ya yi masa nasiha daga shi sai shi. Ya sami Liman. Ba abin da ya sauya. Kai da ka zo duba Baba ka tsinci zancen a tsakar gida, ka maƙale sai ya yi magana. Sau biyu yana ƙi. Ni ce na shiga tsakani, na ce masa ƙanina ne, a bayana ya girma tun rasuwar Inna Amsa, in ya ce zai rufa asiri to zai rufa. Da wannan bakin nawa na faɗa.

Sannan abin da ya faɗa ba shi kuka watsa ba. Masu sito uku ya ce. Ya kuma nanata cewa yawancin mutanen garin a buhu mai leda suke adana wakensu, wasu da toka da barkono irin na kaka da kakanni. Ina tsaye da kwanon ruwan da na kawo muku na ji shi. Ina wannan maganar ta shiga? Kun yanke ta, kuka ɗora kanu wai "Garin da ke ciyar da Kano guba". Hoton tarin buhunan da kuka fara da shi ma ba na garin nan ba ne, mu ba mu da sito mai shuɗin kwano. Su ukun kuwa ko ɗaya ba ka je ka ji ta bakinsa ba, shi ya sa yanzu su ne waɗanda aka zalunta, suna bi majalisa-majalisa suna jan carbi suna cewa Allah ya isa.

Har yau ba wanda ya tari Malam da zancen. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Wanda da zai tsaya ya tambayi iyali da gona da gajiya, yanzu hannu yake ɗagawa ya wuce.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinka ba. Ka sauke bidiyon, ku gyara kanun, ku faɗi abin da mutumin nan ya faɗa. Ka san Malam ba shi da garke ba shi da mota. Abin da ya gada wurin mahaifinsa shi ne maganarsa. In an yi rikicin iyakar gona shi Dagaci ke aikawa a kira, ya taka ya nuna inda gamba take tun asali, kowa ya haƙura ba tare da an kai ga rantsuwa ba. Ita nake ji wa tsoro.

Ka gaida Muhsina, ka shafa mini kan yaran. Allah ya tsare, ya sa ka amsa da wuri.

Taka yayarka,
Kaltume

Marken Bulama.
19 ga Disamba.

Khalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida mutan gidan. Da fatan murar da ka ce ta hana ka ɗaukar waya ta sake ka. Mu muna nan yadda ka bar mu, ko in ce yadda ka mai da mu.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku, don in tabbata ƙanina ne ke magana. Ka ce bidiyo ya bar hannunka, yanzu na edita ne. Ka ce kanu ba kai kake rubutawa ba. Ka ce in duba yawan mutanen da suka kalla, in yi alfahari, labarin ya yi tasiri. A ƙarshe ka ce za ka aiko da ɗan abin rage zafi. Ka riƙe abinka. Tasiri kuwa ya yi, zauna in ba ka labarinsa tunda labari kake so.

Dillalan da ke zuwa daga kasuwar Dawanau duk Alhamis sun yi mako biyu suna wuce mu, ko birki ba sa takawa. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ce ba zan sayi waken garin da aka ce guba ne ba. Waken kowa ya tsaya, har na matan da ba su taɓa ganin kwalbar fiya-fiya ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, haka ake cewa, amma a nan ba waken ne ya ɓata ba, ku ne kuka zuba duka a kwando ɗaya.

Mu namu bai ma zo gida ba. Na gayyaci mata roron waken gonar gabas kamar yadda muke yi wa juna duk shekara. Ni na yi wa gida goma sha ɗaya roro a kakar nan. Na tashi da asuba na dama kunu, na dafa abincin mutum ashirin. Mata biyu suka zo, su ma ɗaya ta ce tana da biki ta koma. Sai ga shela Dagaci ya ce ranar Asabar za a saki dabbobi. Ka san al'adarmu, in akwai wanda bai gama kwashe amfaninsa ba, ana ɗaga ranar a jira shi. Bana ba a jira mu ba. Ni da Malam da Tahira muka yi ta tsinta har yatsunmu suka tsattsage, ba mu ci rabi ba. Ranar Asabar ina tsaye ina kallon awakin maƙwabtanmu suna cin guminmu, masu su suna zaune a inuwa suna kallona.

Ranar Juma'ar da ta wuce, maza suna masallaci, aka cinna wa amyoyin nan uku wuta. Da rana tsaka. A garin da in ka tsinki kuɓewa ɗaya a gonar wani, kafin ka isa gida labari ya riga ka, an ce wai ba wanda ya ga kowa. Malam ya dawo ya tarar da zuma tana ɗiga a jikin bishiyar, baƙa ƙirin. Ya ɗebo ƙasa ya kashe sauran garwashin.

A Islamiyya sun daina kiran Tahira da sunanta, 'yar mai ɗorawa suke cewa. A sahun masallaci kuma, Malam ya ce mini wanda ke damansa da wanda ke hagunsa sai su bar tazarar da akuya za ta wuce.

Amma ba waɗannan ne suka sa ni kuka ba. Shekaranjiya gidaje biyu suka yi rikicin iyaka a yammacin gari, har da zare sanda. Malam ya ji hayaniyar, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna a zaure yana jiran ɗan aiken Dagaci. Tun hantsi har la'asar. Wani aka kira, mutumin da ko iyakar gonarsa bai riƙe ba. Da Malam ya shigo ya tuɓe rigar ya ninke ya miƙo mini, ya ce in adana. Wallahi da ya zage ni, da ya ce ga abin da ƙaninki ya jawo, da na ji sanyi. Ko sau ɗaya bai ambaci sunanka ba. Kullum in na kai masa abinci sai ya ce sannu da aiki, ni kuwa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kai kana birni ko a jikinka, an tsikari kakkausa. Ina sake roƙonka ku gyara labarin nan. Ba cewa na yi ku yi ƙarya don ku cece mu ba, gaskiyar da kuka yanke nake so ku mayar.

A gaida Muhsina. Ki yi haƙuri, ƙanwata, na san ke ce kike karɓar takardun nan a hannun Abdussalam.

Yayarka,
Kaltume

Marken Bulama.
9 ga Janairu.

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka fatan alheri kai da iyalinka. Baba Madu jikin da sauƙi, yana tambayarka, na ce aiki ne ya riƙe ka.

Ina taya ka murna. Na ga hotonka a babbar riga, kana dariya, riƙe da lambar yabon da aka ba ka ta binciken ƙwaƙwaf. Rigar ta yi maka kyau. A jawabinka ka gode wa editanka da iyalinka da jarumin manomin da ya tsaya kan gaskiya. Ga labarin jarumin naka.

Dattawan gari sun zo har gida, Liman na gaba. Suka ce hanya ɗaya ce dillalai za su dawo, wato wanda ya yi maganar ya fito ya ce ƙarya ya yi. Malam ya ce shi ba zai ƙaryata abin da ya gani da idonsa ba, amma a shirye yake ya tsaya ko'ina ya shaida cewa mutum uku ne, sauran gari ba ruwansu. Suka ce ba a son a ji zancen mutum uku. Kwana takwas suna zuwa yana ƙi.

A rana ta tara Hauwa'u ta yi sallama, matar nan da mijinta ya rasu bara ya bar ta da yara biyar. Ta shigo da ƙwarya cike da wake, ta dire a gabansa, toka da barkono duk a jiki. Ta ce ya shinshina ya gaya mata in akwai guba. Ya ce babu. Ta ce to shi ne abincin marayunta har damina, kuma ƙwari sun fara huda shi, tunda shi ne mai gaskiyar gari sai ya gaya mata yadda za ta yi. Ta fita ta bar ƙwaryar. Malam ya dubi waken, sannan ya ce in ɗauko masa farar rigar nan.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a ƙofar gidan Dagaci. Mu mata muna leƙe ta katanga. Mutumin da shekara ashirin ba a taɓa sa shi rantsuwa ba ya miƙe a gaban yaran da aka haifa a idonsa, ya ce ba shi da hujja, hassada ce da sharrin Shaiɗan, yana neman gafara. Aka ce ba a ji ba, ya ɗaga murya. Ya maimaita. Alhaji Abdulkabir ya taso da fara'a ya rungume shi, ya ce ya yafe duniya da lahira, aka yi ta kabbara. Wayoyi sun fi talatin a sama, kowa yana ɗauka. Wannan karon ba wanda ya dusashe masa fuska.

Yanzu ka saurare ni, don yau ba faɗa na zo yi ba. Na ji an ce lauyan Alhaji ya rubuto wa jaridarku takarda, kuma na san wannan sabon bidiyon zai iso gare ku, in ma bai riga ya iso ba. Kai kaɗai ka san ba ƙarya ya yi ba. Cikakkiyar hirar tana cikin na'urarka, wadda ba a yanke ba, inda ya ce mutum uku, inda ya wanke sauran gari. Ka fitar da ita. Ka ɗebi wake daga sito ukun nan ka kai inda ake gwaji, aikin da ya kamata ka yi tun kafin ka watsa komai. Ka ce kuskuren naku ne, ku kuka faɗaɗa, ku kuka liƙa hoton da ba namu ba. In ka yi haka waken Hauwa'u zai sayu, maganar Malam kuma za ta dawo masa.

Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba zan so in yi ba. Amma ka tuna lokacin da ka ci jarrabawar makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, wa ya ɗauki akwatinka a keke ya kai ka har bakin ƙofa, ya tsaya sai da ya ga ka shige, in ba Malam ba? Ina durƙusa maka a takarda, Khalilu, ni da na goya ka. Ka yi don Allah, ka yi don darajar Inna.

Allah ya yi maka albarka, ya nuna maka daidai ya ba ka ikon binsa.

Taka har kullum,
Kaltume

Marken Bulama.
21 ga Janairu.

Malam Khalilu ɗan jarida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar Muhsina da yaran. Taka lafiyar ba sai na tambaya ba, na ga alama kana cikinta.

Gyaran da na yi kusan wata biyu ina roƙo ya fito, na karanta. "Majiyarmu ta amsa cewa ƙarya ta yi." Kun ce an yaudare ku. Kun nemi afuwar Alhaji Abdulkabir, kun ce binciken da kuka sake yi ya nuna wakensa lafiya lau yake. Yaushe kuka yi binciken? Ba wanda ya ga ƙeyarka a garin nan. A ƙasa kuka sa bidiyon ƙofar Dagaci, fuska tar, da cikakken sunansa da na mahaifinsa da manyan baƙaƙe. Sunan da ni matarsa, shekara goma sha tara, ban taɓa kama shi da bakina ba saboda kunya, kai ka shimfiɗa shi duniya tana takawa. Wannan karon ba za ka ce edita ba ne, sunanka na gani a saman labarin. Lambar yabon fa, ita ma an yaudare ta, ko tana nan rataye a falo?

Dillalai sun dawo ranar Alhamis. Motar farko a ƙofar siton Alhaji ta tsaya. Garin ya yi sanyi, har an fara amsa wa Malam sallama, irin amsar da ake yi wa mai taɓin hankali, da tausayi da murmushi. Jiya yara suna gardamar ƙwallo a bayan katangarmu, na ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa kai dai maganarka ta mai ɗorawa ce.

Ɗorawar ma babu ita. Shi da kansa ya ɗauki gatari, kwana biyu yana sara, ya hana kowa ya taya shi. Yanzu in ka zo ɗaukar hoto ba abin da zai tona maka asiri.

Shekaranjiya muna cin abinci Tahira ta dubi mahaifinta, ba da rashin kunya ba, don ta sani kawai. Ta ce a makaranta an ce ya yi ƙarya, tana so ta san wanne ne ƙaryar, na farko ko na biyu. Ya tsame hannunsa daga kwanon ya fita. Tun ranar ban ji ya yi maganar da ta wuce sallama da salati ba.

Ka san tun da ka yi aure, duk kaka Malam sai ya ware maka buhun wake daga gonar gabas, ya ɗinke da hannunsa. Bana awaki sun ci rabonka. Amma ban so al'ada ta yanke daga wajenmu ba. Na yafa mayafina, na taka har siton Alhaji, na sa aka buɗe sabon buhu a gabana aka auna mini kwano biyu. Ga shi nan a ƙullin da Abdussalam zai ba ka tare da takardar nan. Ba ƙwaro ko ɗaya a ciki, fari tas, sai dai ka buɗe shi a waje don yana da ɗan wari.

Na gaya maka inda ya fito, don ni ba na yanke rabin magana. Yaran kam kada a ba su, Muhsina ma kada ta taɓa, ba su suka rubuta ba. Kai za a dafa wa. Jaridarku ta ce lafiya lau yake, kuma da sunanka a sama. In ka yarda da abin da ka rubuta, ka yi bisimilla ka ci. In kuwa ka zubar, ba sai ka aiko mini da amsa ba, ka riga ka ba Tahira tata.

Wassalam.

Kaltume,
matar Malam.